Yadda ake zaɓen sarbon sitiyari ga motar rimot mai hawa duwatsu

Galibin ƙasar Jihar Jigawa shimfiɗaɗɗiya ce mai rairayi, amma kusurwarta ta arewa maso yamma ta fita daban. Daga Kazaure zuwa Roni da Gwiwa akwai tuddai da duwatsu da tsakuwa, kafin ƙasa ta sake kwantawa ta koma yashi idan an nufi Babura da iyakar Jamhuriyar Nijar. A wannan yanki ne kuma ake da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Babura wadda aka kafa a 2021. Ɗalibin da ya ƙera ƙaramar mota mai aiki da rimot a matsayin aikin kammala karatu, ko matashin da ke haɗa irinta a gida don sha'awa, ba sai ya yi nisa ba zai sami wurin gwaji mai tsanani. Abin da ya fi saurin mutuwa a irin wannan gwaji kuwa shi ne ɗan injin da ke juya tayoyin gaba, wanda ake kira sarbo.

Sarbo akwati ne ƙarami mai ɗauke da abubuwa huɗu: ɗan injin lantarki, jerin giyoyi masu rage gudu su ƙara ƙarfi, wani ma'auni da ke sanar da inda sandar juyi ta tsaya, da allon lantarki mai kwatanta inda take da inda aka umarce ta ta je. Umarnin yana zuwa ta waya ɗaya a matsayin bugun lantarki, kusan sau 50 a daƙiƙa. Idan tsawon bugun ya kai milisakan 1.5, sandar na tsakiya. Milisakan 1 zai kai ta gefe guda, milisakan 2 ya kai ta ɗaya gefen. Muhimmin halinsa shi ne naci. Muddin bai isa inda aka tura shi ba, ba zai daina turawa ba, ko da dutse ya tare taya. Wannan nacin ne amfaninsa, shi ne kuma ajalinsa.

A motar tsere, tayoyi na juyawa ne yayin da suke gudu, don haka sitiyari ba ya shan wahala. Motar hawa dutse akasin haka take. Tana tafiya kamar hawainiya, tayoyinta manya ne masu taushi da kama ƙasa, kuma sau da yawa direba na buƙatar karkata su alhali motar na tsaye, taya ɗaya ta maƙale a tsagin dutse, nauyin motar duka ya koma kanta. Motoci irin su Axial SCX10 da Traxxas TRX-4, waɗanda girmansu kashi ɗaya ne cikin goma na motar gaske, sukan kai kilo uku ko fiye idan an ɗora batir. Saboda haka ƙarfi ake fara dubawa a nan, sauri ya biyo baya.

Ana rubuta ƙarfin murɗawar sarbo da kilo-santimita. Ma'anar kilo-santimita 20 ita ce zai iya riƙe nauyin kilo 20 a tazarar santimita ɗaya daga tsakiyar sandarsa. To amma hannun da ake ɗaura wa sandar domin ya ja ƙarfen sitiyari yakan kai santimita biyu, kuma a wannan tazara ƙarfin ya rabe biyu, ya koma kilo 10. Nan ne masu ƙira da yawa suke tuntuɓe: suna zaɓen dogon hannu don tayoyi su karkata sosai, ba su lura sun sayar da rabin ƙarfin da suka biya kuɗinsa ba. Wani abin kuma, adadin da ke jikin kwali shi ne ƙarfin da sarbo ke bayarwa a lokacin da ya cije ya kasa motsi, wato a bakin ƙonewa. Aikin yau da kullum ya kamata ya tsaya nesa da wannan iyaka.

Sarbo biyu ne suka fi yawa a hannun ɗaliban da ke aiki da allon Arduino. Na farko SG90, ɗan shuɗin nan mai nauyin giram 9, giyoyinsa na roba, ƙarfinsa bai wuce kilo-santimita 1.8 ba. Ya dace da buɗe ƙofar kwali ko juya ƙaramar kyamara, amma a motar kilo uku haƙoransa za su zube tun a dutsen farko. Na biyu MG996R, mai giyoyin ƙarfe, yana ba da wajen kilo-santimita 11 a bolt 6. Da hannu mai santimita biyu, turawarsa ba ta wuce kilo biyar da rabi ba. Zai yi aiki a tsakar gida da kan yashi mai tauri, zai kuma iya da mota mara nauyi, sai dai a kan duwatsun Roni zai riƙa kuka yana zafi. Ga mota mai girman kashi ɗaya cikin goma, kilo-santimita 20 zuwa 25 ne mafarin hankali, kamar DS3218 da takwarorinsa masu araha. Idan an sa tayoyi masu nauyi ko ƙarafan ƙara nauyi a gaba, a nemi 30 zuwa 35. Masu saye daga shagunan Amurka za su ga wani ma'aunin daban na oza da inci. Kilo-santimita ɗaya ya yi daidai da kusan 14 a wancan lissafi.

Ba kowane adadi da ke jikin kwali ne gaskiya ba, musamman a kayan da ba su da sunan kamfani. Gwajin ba shi da wuya. A ɗaure sarbo a kan katako, a maƙala ƙugiyar sikelin rataye a ramin da ke santimita biyu daga tsakiya, a umarce shi ya ja, a karanta abin da sikeli ya nuna, a ninka biyu. Kada a bar shi a cije fiye da daƙiƙa biyu ko uku.

Matsalar da ta fi ruɗa masu ƙira ba ta cikin sarbon ma, tana wajen abincinsa. MG996R kaɗai yakan ja wajen amfa 2.5 idan ya cije, manyan kuma sun fi haka. Tsohuwar kafar USB ta kwamfuta rabin amfa take bayarwa, kuma ƙafar bolt 5 ta Arduino ba a yi ta don wannan kaya ba. Abin da ke faruwa shi ne, da zarar taya ta haɗu da dutse sai sarbo ya zuƙe wutar, ƙarfinta ya faɗi, allon ko akwatin karɓar saƙon rimot ya mutu ya sake tashi. Mota ta tsaya cak, ko ta yi fizga, mai ita ya ɗora laifi kan rimot ko kan manhajar da ya rubuta, ya shafe kwanaki yana neman kuskuren da ba ya nan. A motocin da aka saya haɗaɗɗu, wutar sarbo na fitowa ne daga wani sashe na na'urar sarrafa gudu da ake kira BEC. Na Hobbywing QuicRun 1080, wadda masu hawa dutse suka yi na'am da ita, yana ba da amfa 3 a bolt 6 ko 7.4. Idan sarbo ya fi ƙarfin wanda ke cikin mota, maganin shi ne a sayi BEC na daban a jona shi kai tsaye da batir, a kuma tabbatar baƙar wayar ƙasa ta haɗe dukkan sassan, domin in ba haka ba umarni ba zai isa daidai ba.

Ƙarfin wutar ma abin lura ne. Batirin LiPo mai ɗaki biyu yana da bolt 7.4, yana kaiwa 8.4 idan ya cika. Sarbon da aka yi wa iyaka da bolt 6 zai iya ƙonewa idan aka jona shi kai tsaye. Wanda aka rubuta wa HV ne ke ɗaukar wannan wuta, kuma babban adadin ƙarfin da ake tallata shi da shi yawanci a wannan matakin aka auna. A bolt 6 ba zai kai haka ba.

Sauri ba ya buƙatar dogon bayani. Ana auna shi da lokacin da sanda ke ɗauka ta juya digiri 60, kuma daƙiƙa 0.15 zuwa 0.20 ta wadatar ga motar da ba tsere take yi ba. Biyan ƙarin kuɗi don saurin da ba za a mora ba asara ce.

Yanayin yankin yana da nasa sharuɗɗan. Ƙurar hunturu da yashin Babura suna kutsawa ta gefen sanda su gauraya da man giya, su koma kamar sanfefa. Shi ya sa sarbon da aka ce ruwa ba ya shigarsa yake da amfani ko a inda ba a ganin ruwa sai damina: robar da ta hana ruwa ita ce ke hana ƙura. A watannin Afrilu da Mayu kuwa, lokacin da zafi ke haura digiri 40, sarbo mai tsakiyar jiki ta alminiyom ya fi na roba zalla saurin fitar da zafi.

Sai ƙananan abubuwan da kan jawo jiran makonni idan kaya daga Kano ko daga Chaina za su zo. Haƙoran kan sanda ba iri ɗaya ba ne: tsarin Futaba 25 ne, na Hitec 24, na JR da Sanwa 23. Hannun wannan ba ya zama daidai a kan wancan, kuma idan aka tilasta shi zai cinye haƙoran. Yawancin sarbo masu araha 25 ne, kuma hannun alminiyom ya fi na robar da ke zuwa a cikin kwali. Girman jiki na gama-gari kusan milimita 40 ne a tsawo da 20 a faɗi, gara a auna mazauninsa kafin a biya.

Ko sarbo mai tsada zai mutu idan ba a saita iyakar juyinsa ba. Tayoyin gaba suna da inda suke tsayawa, kuma idan rimot na umartar sarbo ya wuce nan, to a cije yake duk lokacin da aka karya kwana. Alamar ita ce ƙara mai kama da kukan ƙudan zuma a ƙarshen juyi. A rimot, maɓallin da ake kira EPA ne ke rage iyakar hagu da ta dama, kowacce daban. A Arduino kuwa sai a taƙaita kusurwar a cikin manhaja. Ana ɗaga motar sama, a juya sitiyari har ƙarshe, a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan har ƙarar ta ɗauke, sannan a sake gwadawa bayan an ajiye ta a ƙasa da batirinta a ciki.