Ƙaramin injin iska da ke koya wa ɗalibai sirrin samar da lantarki

A shekarar 2002, William Kamkwamba, wani yaro ɗan shekara 14 a yankin Kasungu na ƙasar Malawi, ya harhaɗa injin da ke samar da lantarki daga iska. Kayan aikinsa su ne tsohon keke, da dainamo, da fankar tarakta, da bututun roba. Fari da rashin kuɗin makaranta ne suka zaunar da shi a gida, sai hoton da ya gani a wani littafin kimiyya ya zame masa malami.

Abin da William ya koya shi kaɗai, yanzu a cikin aji ake koyar da shi. A Amurka, shirin KidWind da wani tsohon malamin kimiyya, Michael Arquin, ya kafa yana horar da malamai, yana kuma shirya gasa inda ɗalibai ke gwada injinan da suka ƙera da hannunsu.

Kayan ba su da yawa: ƙaramin janareta, da sandar da za a ɗora shi, da fukafukai na kwali ko roba, da fankar gida mai hura iska, da mitar auna wuta, da ƙwan LED.

Ɗalibi zai sauya abu ɗaya a kowane gwaji, ko yawan fukafukan, ko tsawonsu, ko karkatarsu, sannan ya duba mita ya rubuta. A nan zai ga cewa yawan fukafukai ba shi ne yawan wuta ba. Zai kuma gane cewa idan gudun iska ya ninka sau 2, ƙarfin da ke cikinta yana ninkawa sau 8, shi ya sa ake kafa manyan injina a kan dogayen hasumiyoyi. Malami zai ƙara masa da lissafin Bajamushe Albert Betz, wanda ya nuna cewa babu injin da zai iya kama fiye da kashi 59 cikin 100 na ƙarfin iska.

Darasin bai yi nisa da gida ba. A Lambar Rimi da ke Jihar Katsina akwai injina 37 da aka kafa don samar da megawat 10, aikin da ya sha jinkiri shekara da shekaru. Irin waɗannan injina suna buƙatar masu gyara da kulawa, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.