Daren jita a Agadas da halin da kiɗanmu ke ciki

Shekarun baya wata hidimar aiki ta kai ni Agadas, babban birnin ƙasar Abzin a arewacin Jamhuriyar Nijar. A darena na biyu mai masaukina ya ce in shirya, za mu je biki a wata unguwa da ke gefen gari. Na ɗauka irin bikinmu ne na Kano: kujerun roba, lasifika biyu, da wani matashi a gaban kwamfuta yana sako waƙoƙi. Abin da na tarar ya sha bamban. An shimfiɗa tabarmi a fili, janareta na ruri a bayan katanga, ga samari huɗu sun sha rawani da amawali, uku riƙe da jitar lantarki, na huɗun yana kan ganguna. Da suka soma, ƙura ta turnuƙe, mata na guɗa, masu liƙi na shiga fage bi da bi. A tsakanin waƙa da waƙa kuwa, da Hausa ake sanarwa, domin ita ce harshen kasuwa da titi a Agadas.

A Turai da Amurka akwai abin da ake kira kiɗan rok mai zaman kansa, wato na ƙananan ƙungiyoyin da ba su jingina da manyan kamfanoni ba, suna wasa a ƙananan zauruka, ana sayen tikiti a ƙofa. A Agadas dandalin shi ne gidan biki, tikitin kuma shi ne liƙi. A nan matashi ke koyon sana'a: ya fara da ɗaukar wayoyi da lasifika, wata rana a miƙa masa jita, in ya yi kuskure jama'a su ji nan take.

Wannan kiɗa, wanda masu shi ke kira “assouf”, ma'ana bege ko kewa, ya samo asali ne daga matasan Abzinawa da fari da rashin aiki suka kora zuwa Aljeriya da Libiya. Ƙungiyar Tinariwen ta Mali ce ta share fage, har ta samu lambar Grammy a 2012. A Nijar, kiɗan ya ratsa tawayen 1990 zuwa 1995 da na 2007 zuwa 2009. A tawaye na biyu ne Omara Moctar, wanda aka fi sani da Bombino, ya yi gudun hijira zuwa Burkina Faso. Da ƙura ta lafa, ya dawo ya yi wasa a gindin babban masallacin Agadas a watan Janairun 2010. Bayan shekara uku faifansa mai suna Nomad ya fito a Amurka. Ƙungiyar Etran de l'Aïr kuwa, ta 'yan gida ɗaya ce, an kafa ta a 1995, ta kuma shafe fiye da shekara ashirin tana yawon gidajen biki kafin faifanta na farko ya fita waje a 2018.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Mdou Moctar. Da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, a gidan da ba a maraba da kiɗa. Da ya tashi naɗar faifansa na farko, Anar, a 2008, Sakkwato ya nufa, inda aka sarrafa muryarsa da na'ura irin yadda ake yi wa waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya a faɗin Sahara, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds, ya sa ɗaya a cikin wani tarin waƙoƙi da ya fitar a 2011. A 2021 kamfanin Matador na birnin New York ya fitar da faifansa Afrique Victime. Ka duba, mai karatu: a wurinmu ya ari na'ura, amma bai jefar da jitarsa ba.

Mu kuma fa? Tun daga ƙarshen shekarun 1990, da harkar fim ta bunƙasa a Kano, fiyano ɗaya a sutudiyo ya maye gurbin makaɗa goma. Ba na raina mawaƙanmu na zamani. Akwai masu hikima a cikinsu ƙwarai. Sai dai sau nawa muka je taro, mawaƙi ya riƙe makirfo yana motsa baki, alhali waƙar daga kwamfuta take fitowa? Mamman Shata ya rasu a 1999, Ɗanmaraya Jos a 2015. A cikin 'ya'yanmu, mu da muke taƙama da boko, wa ya taɓa ganin an kaɗa kuntigi ko an goga kukuma a gabansa? Mai kalangun da ba a gayyata biki, babu dalilin da zai sa ya koya wa ɗansa. Gara yaron ya kama achaɓa.

Na san wani zai ce kiɗa a fili yana jawo cakuɗa da shashanci. Wannan damuwa ce ta gaske, kuma ba kira nake yi a buɗe gidajen rawa ba. Amma Agadas ma garin Musulmi ne, mai sarki da malamai, wanda hasumiyar masallacinsa mai tsawon mita 27 ke cikin abin da ya sa UNESCO ta karrama tsohon birnin a 2013. Bikin da na halarta, da dattawa a zaune aka yi shi, aka kuma tashi lafiya. Ban da haka, kiɗan kwamfutar da muka rungumar bai rage komai daga abin da ake gudu ba. Makaɗin kawai ya kora.

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba. Wanda zai kashe miliyoyi a kan zauren biki da kayan ado, ya ware wani abu ya kira makaɗa masu rai, na gargajiya ne ko na zamani. Jami'o'inmu da cibiyoyin al'adu su buɗe wa matasa fage ko da sau ɗaya a wata, da rana tsaka, a gaban iyaye. Mutanen Agadas ba su jira gwamnati ko Bature ba. A tsakar gida suka ciyar da makaɗansu, kafin duniya ta ji labari. Hausawa dai sun ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idan jikokinmu suka tashi ba su san amon kalangu ba sai a waya, kada mu ɗora wa kowa laifi. Allah Ya sa mu gyara.