Mamman Nasir: Lauyan da Rawanin Galadima Ya Jira

A shekarar 1955, lokacin da aka rantsar da Mamman Nasir a matsayin lauya a Lincoln's Inn da ke Landan, lauyoyi 'yan Arewa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Ɗan gidan sarautar Galadiman Katsina ne, wato gidan da ke riƙe da Malumfashi, an kuma haife shi a 1929. 'Ya'yan irin wannan gida a lokacin aikin En'e suke shiga, su yi ta haƙuri har rawani ya zo. Shi kuwa sai ya bi ta kotu.

Ya fara da aikin lauyan gwamnati. A 1961 Sardauna Ahmadu Bello ya ba shi Ministan Shari'a na Jihar Arewa, yana ɗan shekara 32. A tsarin wancan zamani minista ba ya ɓuya a ofis. Dole ya zauna a majalisa, a zauren Lugard Hall na Kaduna, ya kare dokokinsa da bakinsa a gaban wakilai.

Aikin da ya tarar ba ƙarami ba ne. Sabon kundin laifuffuka, wanda mutane ke kira Final Kod, bai daɗe da fara aiki ba, tun 1960. Kafin nan alƙali littattafan Malikiyya yake buɗewa, manyan sarakuna kuma na yanke hukunci a fada, har na kisa. Sai aka ce alƙalin Potiskum, a ƙarƙashin En'en Fika, da na Sakkwato su riƙa duba kundi ɗaya, sashe-sashe, su kuma rubuta abin da suka yanke. Malamai da dama sun yi gunaguni, sarakuna ma ba duka suka ji daɗi ba. A nan asalin ministan ya yi rana, domin ya san yadda ake zube wa sarki a yi gaisuwa, ya kuma san abin da sashen doka ya ce. Da wuya a ce masa bare.

Juyin mulkin 1966 ya rufe majalisar. Mamman Nasir ya koma aikin lauya, ya hau kujerar Kotun Ƙoli a 1975, sannan ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara daga 1978 zuwa 1992.

A shekarar da ya ajiye aiki Sarkin Katsina Muhammadu Kabir Usman ya naɗa shi Galadima, ɗaya daga cikin masu zaɓen sarki. Rawanin bai raba shi da harkar tsara dokoki ba, don shi ne mataimakin shugaban taron tsarin mulki na 1994 a zamanin Abacha, hidimar da har yau wasu ke yabawa, wasu ke kushewa. Ya rasu a watan Afrilun 2019, sarautar kuma ta koma hannun wani alƙalin, Mai Shari'a Sadik Abdullahi Mahuta, tsohon babban jojin Jihar Katsina.