Me Ke Cinye Ƙugiyar Sunayenmu a Kwamfuta?

Duk mai shagon kwamfuta a Bodinga ko Shagari da ke buga wa makarantu jerin sunayen ɗalibai yana iya cin karo da wannan abin haushi: an shigar da Baƙo lafiya lau, amma da aka fito da takarda sai ga BaÆ™o. Mai suna ya ce an ɓata masa suna, mai shago ya ce kwamfuta ce ta haukace.

Ita kwamfuta ba ta san harafi ba. Abin da rumbun bayanai ke ajiyewa sifili ne da ɗaya, takwas-takwas, kowane rukuni ana kiransa bait. A tsarin ASCII da Amurka ta fitar a 1963, harafin A lamba 65 ne, wato 01000001. Gurbi 128 kawai tsarin yake da shi, kuma ba a yanka wa ƙ, ɗ da ɓ ko ɗaya ba. Sai da Unicode ya zo, Ken Thompson da Rob Pike kuma suka tsara UTF-8 a 1992, aka sami hanyar da duniya ta yarda da ita. A nan ƙ bait biyu take ci, C6 da 99. Idan manhajar da ke karantawa ta ɗauka tsohon tsarin Windows-1252 ne, sai ta raba su, ta karanta na farko Æ, na biyu ™. Ɗanfodiyo ma, da ya zauna a Sifawa nan ƙasar Bodinga, ÆŠanfodiyo zai fito.

Wannan ɓarnar mai sauƙi ce, domin lambobin suna nan daram a rumbu. A manhajar rumbun bayanai ta MySQL, in rubutun yana kwance a matsayin ɗanyen bait, umarnin CONVERT tare da utf8mb4 ya isa ya dawo da shi yadda aka shigar.

Wadda ta fi damuna ita ce dabarar da masu shigar da bayanai suka koma yi don gudun rigima: su cire ƙugiyar tun farko, su buga Bako. Takarda ta fito tsaf, kowa ya tafi gida. Amma k bait ɗaya ce, 6B, kuma babu umarnin da zai gane cewa da ƙ ce. Ranar da za a gyara rajistar, sai dai a bi iyaye gida-gida daga Kajiji zuwa Dandin Mahe ana tambayarsu yadda suka raɗa wa ɗansu suna.