Hausa da Lissafin Fizika: Warware Tambayoyi kan Sifirin da Lilon Murɗa

1.0 Gabatarwa

An daɗe ana muhawara a kan ko harsunanmu za su iya ɗaukar nauyin koyar da kimiyya. Sau da yawa muhawarar takan tsaya ne ga jera kalmomi, alhali ba a san nagartar kalma sai an sa ta aiki. Saboda haka wannan maƙala za ta ɗauki tambayoyi biyu daga fizika na matakin farko, ta warware su da Hausa tun daga farko har ƙarshe, sannan ta nuna inda harshen ya wadatar da kuma inda yake neman gyara.

2.0 Makamashin Sifirin

Bahaushe ya san sifirin a ƙarƙashin mota da sirdin keke. A shekarar 1678 Robert Hooke na ƙasar Ingila ya wallafa dokar da ke cewa gwargwadon yadda aka ja ko aka danne sifirin, gwargwadon ƙarfin da zai mayar ke nan, muddin ba a wuce iyakarsa ba. Ana rubuta ta F = kx, wato F ƙarfi, x tsawon dannawar, k kuma abin da za mu kira taurin sifirin. Makamashin da ya ajiye kuwa shi ne ½kx².

Tambaya ta farko: an danne sifirin mai tauri niyutan 200 a kowace mita har santimita 10, aka jingina masa dunƙulen katako mai kilogiram 0.5 a kan tebur mai santsi, aka saki. Da wane sauri katakon zai fita?

Matakin farko shi ne mayar da santimita 10 zuwa mita 0.1. Makamashin da aka ajiye ya zama ½ × 200 × 0.1 × 0.1, wato jul 1. Tun da tebur bai riƙe komai ba, wannan jul ɗaya duka zai koma makamashin motsi, ½mv². Ke nan ½ × 0.5 × v² = 1, v² ya zama 4, saurin kuwa mita 2 a daƙiƙa.

Kuskuren da ɗalibi kan yi a nan shi ne ya ɗauki ƙarfin ƙarshe, niyutan 20, ya ninka da mita 0.1, ya sami jul 2. Ya manta cewa ƙarfin daga sifili ya faro yana hawa, don haka matsakaicinsa niyutan 10 ne. Daga nan rabin da ke cikin lissafin ya fito.

3.0 Lilon Murɗa

Duk wanda ya ga mai kaɗi ta saki mazari yana rataye da zare ya ga asalin wannan al'amari: zaren da ya murɗe yana neman warwarewa, sai ya juya mazarin baya. Idan aka rataye faifan ƙarfe da waya ta tsakiyarsa, aka murɗa aka saki, zai dinga juyawa dama da hagu. Wannan shi muka kira lilon murɗa. Da ma'auni mai aiki da murɗar waya Charles Coulomb na Faransa ya auna ƙarfin lantarki a 1785, Henry Cavendish kuma ya auna kaurin jikin duniya a 1798.

Lissafinsa ɗan'uwan na sifirin ne. Kusurwar murɗawa, θ, ta maye gurbin x. Taurin murɗa na waya, κ, ya maye gurbin k. Nauyin juyi, I, ya maye gurbin kilogiram ɗin katako. Lokacin lilo ɗaya, wato zuwa da dawowa, shi ne T = 2π√(I/κ).

Tambaya ta biyu: faifai mai kilogiram 2, wanda daga tsakiyarsa zuwa baki santimita 10 ne, ya yi lilo 10 cikin daƙiƙa 20. Mene ne taurin wayar, kuma nawa ne makamashin da za ta ajiye idan aka murɗa ta radiyan 0.5?

Lilo ɗaya ya ci daƙiƙa 2. Nauyin juyin faifai shi ne ½MR², wato ½ × 2 × 0.1 × 0.1 = 0.01. Idan aka juya ƙa'idar, κ = 4π²I/T², wanda ya ba da kimanin 0.099. Makamashin kuwa ½κθ² ne, wato ½ × 0.099 × 0.25, kimanin jul 0.012. Wajibi ne kusurwa ta kasance da radiyan. Wanda ya saka digiri 29 a madadinsa zai sami amsar da ta ninka ta gaskiya fiye da sau dubu uku.

4.0 Abin Lura ga Masana Harshe

Za a ga cewa faifai, lilo, tauri da murɗa sun yi aikinsu ba tare da an aro musu komai ba. Matsalar tana ga kalmomi biyu. A maganar yau da kullum, ƙarfi ya haɗa abin da ake aunawa da niyutan da wanda ake aunawa da jul. Shi ya sa muka keɓe makamashi ga na jul. Haka nan nauyi ya haɗa yawan jikin abu da jan da ƙasa ke yi masa. Da za a kai faifan nan duniyar wata, jan zai ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin shida, amma lokacin lilonsa ba zai sauya ba. Ke nan nauyin juyi da muka yi amfani da shi suna ne na wucin gadi, domin yana iya ɓatar da ɗalibi.

5.0 Kammalawa

Wannan ɗan nazari ya nuna cewa jimlar Hausa tana iya ɗaukar hujjar lissafi daki-daki. Abin da ya rage shi ne masana harshe da malaman fizika su zauna tare su raba ma'anonin ƙarfi da na nauyi, su kuma gwada kowace sabuwar kalma a cikin tambaya irin waɗannan kafin a shigar da ita ƙamus.