Mazubi ɗaya, nauyi dabam-dabam

Jama'a masu karatu, ko kun san abin da ya sa man gyaɗa ke tasowa bisa ruwa? Litar guda ta ruwa kilo 1 ce, amma litar man gyaɗa wajen garam 915 take. Mazubi ɗaya, nauyi dabam. Wannan shi ne abin da ƴan makarantar kolej ke kira dansite, wato nauyin abu gwargwadon wurin da ya cika.

Lissafin ba wuya gare shi: a auna nauyin abu, a raba da girmansa. Girman kuwa ruwa ke nuna shi. A tsoma abin cikin kwalba mai awo, a dubi yadda ruwan ya hau.

Ga misali. Wata ta sayi awarwaro marar kogo a ciki, da sunan zinariya. Ma'auni ya nuna garam 89, ruwa ya hau da mililitar 10. In an raba, 8,9 ke nan. To, tsantsar zinariya 19,3 take bayarwa, ta ado mai karat 18 kuwa wajen 15. Adadin 8,9 na jan ƙarfe ne. Ashe an cuce ta.

Don haka iyaye, kada ku raina wannan darasi. Ɗanku da ya iya shi yana iya tsare muku dukiya a kasuwa.