Tara Tukwanen Gargajiya a Birnin Katsina

Tun kafin a san gidan tarihi a ƙasar Hausa, matan Katsina suna tara kayan ƙasa. Randa da tulu da tanda da kaskon turare duk suna cikin kayan ɗaki, kuma uwa takan bar wa 'yarta randar da ta shekara da shekaru tana shan ruwanta. Da langa ta shigo, roba kuma ta biyo baya, sai jere ya zama nasu, aka tura tukwane bayan ɗaki.

Maginin tukwane yakan cuɗa yumɓu, ya kife tsohuwar tukunya, ya lulluɓe gindinta da shi, ya daddaɓa, sa'an nan ya ɗora wuya da baki da hannu. Idan ta bushe, sai a gasa ta a fili da kara da ciyawa. Da yake wutar ba ta kai ta toshe ƙananan kafofin jikinta ba, ruwa yakan tsattsafo, iska ta busar da shi, na ciki ya yi sanyi. Wannan hikima kuwa roba ba ta gaje ta ba.

Tarawa irin ta zamani tana da tarihinta. A gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ne Michael Cardew ya ga tukwanen Ladi Kwali a 1950. Sylvia Leith-Ross kuma ta tattara wa gidan tarihi na Jos tukwane daga sassan Nijeriya, ta buga bayaninsu a 1970.

Abin takaici, sunan Katsina ta hanyar sata ya shiga kasuwannin Turai. A 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya, wato ICOM, ta sa gumakan yumɓu na yankunan Katsina da Sakkwato da Nok cikin jerin kayan da ake wawashewa. Abin da aka tono a ɓoye ya rabu da asalinsa ke nan, saɓanin kayan Durɓi ta Kusheyi, waɗanda aka san kushewar da aka haƙo su a 1992.

Doka ta 77 ta 1979 ta hana fitar da kayan tarihi ba izini, amma ba ta tsare sana'ar magini mai rai ba. Saboda haka mai tarawa ba zai wadatu da sayen tukunya ba, sai ya rubuta sunan magininta da unguwarsa, da inda aka ɗebo yumɓun, da sunan da tsofaffi ke kiranta da shi, domin yawancin waɗannan sunaye a bakinsu kaɗai suke.